Ɗamarar mazan Sikotlan: hajar da yayi ya kasa ƙara wa faɗi ko rage mata

A kwanakin baya, a layin ƴan bosho na wata kasuwa a nan Yamai, mun tarar da wata baiwar Allah ta kwance dila tana tsintar kaya, na gaba-gaba gefe guda, na tari gefe guda. Can sai ta jawo wata baƙar ɗamara ta fata, mai kauri, faɗinta ya kai yatsu uku na babban mutum, ba ta da kai, kuma ba ta da hujin nan da ake sa tsinke irin na santir ɗin da muka saba gani. Ta jujjuya ta, ta gwada zura ta a wani wandon jin da ke gabanta, ta ƙi shiga. Sai ta yanke hukunci cewa lalatacciya ce, ta wurga ta cikin tarin da ake sayarwa dala-dala.

To ɗamarar nan lafiyarta lau. Haka ake yin ta, kuma haka ake sayar da ita a ƙasar da ta fito, wato Sikotlan, wadda waɗanda suka yi lakkwal ke kira Ekos. Ƙasa ce ta sanyi da ruwan sama da ke arewacin Ingila, cikin tarayyar Birtaniya, mai mutane wajen miliyan 5 da rabi. A can maza suna da wata tufa ta gado da suke kira kilti, wadda idan ɗan ƙasarmu ya gani zai ce buje ne: yadin ulu mai gida-gida, ya tsaya daidai gwiwa, gabansa a shimfiɗe, bayansa duk tattara. A kan wannan tufa ce ake ɗaura ɗamarar. Masu kallon ƙwallo daga cikinmu za su tuna da ranar 10 ga watan Yuni na 1998, ranar buɗe gasar cin kofin duniya a Faransa, inda ƴan wasan Sikotlan suka fito fili sanye da kilti kafin su kara da Barazil, aka ci su 2 da 1, daga baya kuma Maroko ta lallasa su 3 da nema. Waɗanda ba su damu da ƙwallo ba, wataƙila sun ga kilti a tele cikin watan Satumba na 2022, lokacin jana'izar sarauniya Elizabeth ta biyu, a jikin masu busa algaitar nan mai salka.

Dalilin da ya sa muka ga ya dace mu kawo wa ƴan kasuwa wannan labari shi ne, ɗamara tana cikin hajojin da yayi ya fi wasa da su a Turai. Bana a ce mai faɗi, baɗi a ce siririya, wanda ya tara kaya ya kwana da su. Amma ga wata ɗamara guda da ta shekara fiye da ɗari da faɗinta, wajen santimita 5 da rabi zuwa 6, yayi ya zo ya tarar da ita, ya wuce ya bar ta, ya sake dawowa ya tarar da ita a inda take, kuma har yau ana sayenta.

Asalin faɗin

Kilti na farko ba a ɗinka shi. Tun wajen ƙarshen ƙarni na 16, mutanen yankin tuddai na arewacin Sikotlan, makiyaya ne da manoma da mayaƙa, suna amfani da wani ƙaton mayafin ulu, ƙyalle biyu da aka haɗa a tsawo, mai yadi huɗu zuwa biyar. Yadda ake ba da labarin sa shi, mutum zai shimfiɗa ɗamararsa a ƙasa, ya shimfiɗa mayafin a kanta, ya tattara tsakiyar da hannu, ya kwanta a kai, ya jawo gefe da gefe, ya ɗaure, sannan ya miƙe. Rabin ƙasa ya sauka zuwa gwiwa, rabin sama kuma a yafa a kafaɗa, ko a lulluɓe kai da shi idan ruwa ya sauko. Da dare a kwance ɗamara, tufa ta koma bargo. Wani rubutu da ya ba da labarin sojojin haya da suka ƙetara daga tsibiran Sikotlan zuwa Ailan a 1594 ya ce ana gane su ne da yadda suke ɗaura ɗamara a bisa mayafansu.

Ke nan a wancan zamani ɗamara ita ce ke riƙe da komai. Idan ta tsinke, mutum ya tsaya tsirara a bainar jama'a. Ban da nauyin ulu, wanda kan ninka idan ya jiƙe, a jikinta ake rataya doguwar wuƙa da kuma ƴar jakar fata da suke kira siforan, tun da tufar ba ta da aljihu. Duk macen da ta taɓa ɗaura lalitar kuɗi mai nauyi da siririyar igiya ta yini a kasuwa, ta san abin da ke faruwa da ƙugu kafin la'asar. Faɗi shi ke raba nauyi, ya hana fata cin jiki.

A cikin ƙarni na 18 aka raba mayafin biyu, aka bar rabin ƙasa kawai, daga baya aka riƙa ɗinke tattarar don kada a sha wahalar yin ta kullum. Akwai labarin da ke cewa wani Baturen Ingila mai masana'antar narka ƙarfe, Thomas Rawlinson, shi ya kawo wannan dabara wajen shekarun 1720 don ma'aikatansa su ji daɗin aiki kusa da wuta. Ƴan Sikotlan da yawa ba sa son jin wannan labari, kuma masana tarihi sun daɗe suna gardama a kansa.

Sai kuma siyasa ta shigo. A 1745 wasu zuri'o'in yankin tuddai suka mara wa yarima Charles Edward Stuart baya a yunƙurinsa na ƙwato gadon sarautar Birtaniya. Ranar 16 ga watan Afrilu na 1746 aka murƙushe su a fagen Kuloden. Gwamnatin Landan ba ta tsaya ga ƙwace makamai ba, sai da ta yi doka ta hana sa tufar kanta. Wanda aka kama karo na farko, wata 6 a gidan kaso. Karo na biyu, a ɗauke shi a jirgin ruwa a kai shi wata ƙasar da Birtaniya ke mulka ya yi shekara 7. Dokar ta zauna har 1782. Amma an bar ƙofa guda a buɗe: wanda ya shiga sojan sarki yana iya sa kiltinsa. Samari da yawa sun shiga, aka kafa rundunoni na ƴan tuddai, suka yi yaƙi a Amurka, da Indiya, da Masar, da Turai.

A nan ne maganar faɗi ta samu gindin zama. Soja ba ya sa abin da ya ga dama. Komai nasa da awo yake, daga hula har takalmi, kuma abin da aka rubuta a littafin runduna ba tela ko ɗan kasuwa da zai canza shi. Kan ɗamara ma a hannun soja ya zama faifan ƙarfe mai kusurwa huɗu, wanda ake buga tambarin runduna a kai, ana goge shi har ya riƙa ɗaukar ido. Da farar hula suka dawo wa kilti, siffar soja suka kwaikwaya. Sarki George na huɗu ya ziyarci birnin Edimbura a 1822, karo na farko da wani sarki mai ci ya taka ƙasar cikin kusan shekara 170, marubuci Walter Scott ya shirya bikin tarbar, ya nemi manyan gari su fito da kayan gargajiya, sarkin da kansa ya sa kilti. Tufar da aka ɗaure mutane saboda ita ta zama ta fada. Sarauniya Victoria da mijinta suka sayi gidan Balmoral a 1852, suka cika shi da yadi mai gida-gida, kuma har yanzu sarki Charles na uku yakan sa kilti idan yana can.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, kiltin yau ba ya bukatar ɗamara don ya tsaya. Yadi 8 na ulu ake ɗinka shi da su, wajen mita 7 ke nan da ɗoriya, kuma yana da ƴan maɗauran fata biyu ko uku a gefe da ke riƙe shi tsam a jiki. Doguwar wuƙar ma sai a wurin babban biki ake ganinta. Duk da haka ɗamarar ba ta rame ba. Kilti yana zama ne a sama, bisa cibiya, tsakanin ƙashin ƙugu da haƙarƙari, ga kauri, ga nauyi. Idan aka ɗora masa siririyar ɗamarar wando sai ta ɓace a ciki, ta nutse cikin ulu kamar an ɗaure buhun gero da zaren ɗinki. Ido ya riga ya saba da mai faɗin. Suna ma da ƙa'idojinsu: wanda ya sa falmaran a ƙarƙashin kwat ba ya ɗaura ɗamara, don kan zai turo falmaran ɗin ya ɓata shigar. Masu busa algaita kuwa biyu suke sawa, ɗaya a ƙugu, ɗaya ta ratsa ƙirji daga kafaɗa.

Yadda yayi ke juya ta wando da ta riga

Mu da muka tashi da wando mai mazagi, muna iya zaton Turawa sun daɗe da santir. Ba su daɗe ba. Har farkon ƙarni na 20 yawancin mazansu da igiyoyin kafaɗa suke riƙe wando. Kamfanin Levi's sai a 1922 ya fara ɗinka wa wandon jin ƴan madaukan da ake zura ɗamara. Daga ranar, faɗin ɗamarar namiji ya koma hannun mai ɗinka wando: idan ya matse madauki, dole baduku ya rage faɗi, idan ya buɗe, a ƙara. Yawancin na yau santimita 3 ne zuwa 4. Farkon shekarun 1960 sirara ake yayi, tare da matsattsen wando. Zuwa shekarun 1970, zamanin wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa da ake kira ƙafar giwa, sai ga ɗamara mai faɗi da ƙaton kai ta mamaye ko'ina, har nan ƙasarmu, kamar yadda hotunan iyayenmu da aka ɗauka a gidajen hoto na Maraɗi da Damagaram ke nunawa. A waɗannan shekaru, ɗan Sikotlan mai kilti ya wayi gari shi ne ɗan gaye ba tare da ya canza komai ba. Shekara goma bayan haka aka koma siririya, ya sake zama ɗan ƙauye, nan ma bai canza komai ba.

Ta mata ta fi saurin juyawa. A watan Fabrairu na 1947, bayan ƙuncin yaƙin duniya na biyu, Christian Dior ya fito da wani ɗinki a Paris mai matse ƙugu da buɗe buje, sai ɗamara mai faɗi ta zama dole a shekarun 1950. A shekarun 1960 riguna suka miƙe sambal, ɗamara ta sauko kan kwatangwalo ko ta ɓace. A shekarun 1980 ta dawo da ƙarfinta, musamman a hannun Azzedine Alaïa, tela ɗan asalin Tunusiya da ya yi suna a Paris, wanda ke yin ɗamarar da ta kusa rufe ciki duka. Shekarun 1990 suka rage ta. Farkon shekarun 2000 wandon jin ya sauka ƙasan cibiya, aka riƙa rataya ɗamara mai faɗi da faya-fayan ƙarfe a kan kwatangwalo, ba don ta riƙe komai ba. A 2009, da Michelle Obama ta shiga fadar shugaban Amurka, an yi ta ganinta da ɗamara mai faɗi bisa riga, kantuna suka cika da irinta. Daga wajen 2016 kuma hankali ya koma kan kai maimakon faɗi, aka shiga yayin ɗamarar Gucci mai haruffa biyu na ƙarfe, wadda jabunta ya iso kowace kasuwa ta duniya, tamu ma ba a bar ta a baya ba.

Wannan juyi ba daga sama yake faɗowa ba. Ɗamarar fata mai kyau tana iya shekara goma ba ta mutu ba, wanda ya sayar maka yau ba zai sake ganinka ba sai ya samo dalilin da zai sa ka raina wadda ke ƙugunka. Dalilin shi ne yayi. Manyan kamfanoni irin su Zara da H&M da Shein sun gina arzikinsu a kan saurin sauya kaya, cikin makonni kaɗan an kwashe na kan kanta an zuba sababbi. Abin da matan Turai suka gaji da shi, shi ake dannewa a dila a turo mana. Shi ya sa tsohuwar ƴar bosho, ko ba ta taɓa zuwa Paris ba, tana iya ba ka tarihin yayin Turai da ƴan shekaru a baya: shekarar da dila ta cika da masu faɗi, da shekarar da ba a samun komai sai sirara masu ruwan zinariya.

Masu tsara yayi sun sha ɗibar kayan Sikotlan su ma. Jean Paul Gaultier na Faransa ya sa wa maza buje a tsakiyar shekarun 1980, aka yi ta surutu. Vivienne Westwood ta Ingila ta yi shekaru tana wasa da yadi mai gida-gida, haka ma Alexander McQueen wanda mahaifinsa ɗan asalin Sikotlan ne. Sukan ɗauka su yi kakar ciniki ɗaya ko biyu, su ajiye su kama wani abu. Masu kilti na asali suna kallo, suna ci gaba da harkarsu.

Kada kuma mu yi ƙarin gishiri mu ce yayi bai taɓa shiga gidan kilti ba. Ya shiga. Bayan fim ɗin Braveheart na 1995, kasuwar kilti ta buɗe sosai, ko da yake jarumin da aka yi fim ɗin a kansa, William Wallace, an kashe shi tun 1305, kusan shekara 300 kafin a san kilti. A 1996 wani matashin tela na Edimbura, Howie Nicholsby, ya fara ɗinka kilti da baƙin yadi, da fata, da yadin jin. A 2000 wani kamfani a birnin Siyatil na Amurka, Utilikilts, ya fito da kiltin ma'aikata mai manyan aljihuna. Angwayen yanzu da yawa sun fi son kwat da falmaran masu ruwan toka, wanda ke nufin ba ɗamara ke nan. Kan ɗamarar ma wani lokaci mai ƙyalli ake so, wani lokaci mai duhu kamar tsohon ƙarfe. Amma faɗin yana nan, saboda kai da fata dabam-dabam ake sayar da su, kuma dole kan da mutum ya gada daga kakansa ya shiga fatar da ya saya bana. Wanda ya fito da ɗamara mai wani faɗi dabam, ya raba kansa da duk kawunan da ke ajiye a gidajen mutane. Wannan shi ne sirrin ɗamarar da ƴar boshon nan ta tsinta ba kai: mai ita ya cire kansa ya ajiye, ya ba da fatar sadaka.

Kasuwar da ke da ranakunta

Ɗan Sikotlan ba kullum yake sa kilti ba. Idan ka sauka Gilasgo ranar aiki, wando za ka gani a jikin kowa. Kilti na ranar ɗaurin aure ne, da ranar karɓar takardar gama jami'a, da daren 25 ga watan Janairu da suke tunawa da mawaƙinsu Robert Burns, da 30 ga watan Nuwamba ranar ƙasa, da daren shiga sabuwar shekara, da ranar da ƙungiyar ƙasa ke wasa. Da bazararsu akwai wasannin gargajiya na jifa da gungumen itace da jan igiya a garuruwa da yawa. A watan Agusta ana faretin sojoji da makaɗa a gaban fadar Edimbura, wanda aka fara tun 1950, ana kuma gasar duniya ta masu algaita a Gilasgo. Rundunar sojan Sikotlan da aka haɗe wuri guda a 2006 tana sa kilti a kayan fareti. Ga kuma jikokin waɗanda suka yi hijira zuwa Kanada, da Amurka, da Ostareliya, da Niyu Zilan, waɗanda sau da yawa sun fi na gida ɗoki.

Mai sayar da irin wannan haja ya san ranakun cinikinsa tun farkon shekara, kamar yadda mai shadda ya san azumi da layya. Abin da bai sayar ba bana, zai sayar baɗi a kan kuɗinsa, ba sai ya karya ba. Da yake cikakkiyar shigar tana da tsada, akwai kantuna masu yawa da sana'arsu haya ce kawai: ango da abokansa su zo a auna su, a ba su kilti da kwat da siforan da safa da takalmi da ɗamara, bayan biki su mayar. Ɗamara guda tana iya zuwa biki ɗari. Mai hayar da ya sayi kayan yayi da ya karye tun a shekara ta biyu. Sai dai kuɗin mai irin wannan haja yana daɗewa a kwance, ribarsa a hankali take zuwa, kuma ba ya samun irin garaɓasar da mai kayan yayi ke samu idan ya dace da abin da gari ke so.

Inda matsalar take shi ne wajen araha. Kilti na gaske, wanda aka ɗinka da hannu, tela yakan yi kwanaki a kansa, kuma kuɗinsa fam ɗaruruwa ne, abin da ya haura jikka 300 na sefa. Amma a babban titin tsohon birnin Edimbura, inda baƙi ƴan yawon buɗe ido ke cika, kantuna suna sayar da kilti na zaren roba haɗe da ɗamara da jaka a kuɗin da bai kai kashi ɗaya cikin biyar na wancan ba. Da yawa daga cikin waɗannan kaya daga birnin Siyalkot na ƙasar Pakistan suke fitowa, garin da ya koyi gyara da ƙera algaitar salka tun zamanin da sojojin Birtaniya ke zaune a yankin, kuma shi ne garin da ke ɗinka kaso mai yawa na ƙwallayen ƙafa na duniya. A Siyalkot akwai masu aiki mai kyau, akwai masu na araha, kowa da kuɗinsa. Baƙon da zai sa kilti sau ɗaya ya ɗauki hoto ba ruwansa da bambanci. Majalisar Sikotlan ta yi doka a 2008 ta kafa rajistar zanen yadi mai gida-gida, wadda ta fara aiki a 2009, amma rajista zane take karewa, ba ta hana a ɗinka na roba a wani wuri. A 2021 wata ƙungiyar kare sana'o'in hannu ta Birtaniya ta sa ɗinkin kilti na hannu cikin jerin sana'o'in da ke fuskantar hatsarin ɓacewa, saboda masu yi sun tsufa, masu koyo kaɗan ne. Matan da suka ga yadda kwaikwayon atamfa daga Sin ya yi wa mai tsada a kasuwanninmu, da dukawan Damagaram da Tawa da ke kallon takalmin roba yana cinye musu ciniki, ba sai an yi musu dogon bayani ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado, amma aljihu shi ke yanke hukunci a bakin rumfa.

Tun da irin waɗannan kaya sukan ɓullo jefi-jefi a dilolin da ke zuwa daga Birtaniya, ga abin da mai tsinta zai duba. Kiltin namiji yana da nauyi a hannu, tattararsa a baya take kawai kuma tana da zurfi, gabansa ƙyalle biyu ne ɗaya bisa ɗaya, bakin na sama yana ƙarewa a hannun daman mai sawa. Na mata ya fi sauƙi, kuma bisa al'ada ta hagu yake rufewa. Ɗamarar kuwa, a juya cikinta: za a ga wani ɗan ƙaramin maɗauri ko abin mannewar nan na Velcro da ake ƙara tsawo ko ragewa da shi, shi ya sa ba ta da huji a waje. A duba bakin yanka. Fatar saniya ta gaske gunduwa guda ce, tana da gashi-gashi a ciki, tana da warin jima. Ta jabu kuwa za a ga hawa-hawa kamar an manna takarda, kuma irin wannan ba ta jure zafin watan Afrilu a rumfar kwano, sai ta fara ɓarewa tun ba a sayar ba.

Idan aka yi sa'a aka samu kan, faifai ne da ya kusa cika tafin hannu, da ƙugiya a bayansa. A kansa akan ga wata ciyawa mai ƙaya wadda ita ce alamar ƙasar, ko zaki a tsaye kan ƙafafun baya, ko gicciye mai siffar alamar sau ta lissafi, ko igiyoyi da aka sarƙe, ko tambarin wata zuri'a. Yawanci ƙarfe ne da aka yi wa ruwan ƙyalli, ba shi da wata daraja ta a zo a gani. Akwai na tagulla, wanda mayen ƙarfe ba ya kamawa, akwai na gaurayen kuza mai laushi. Akwai kuma na azurfa, ko da yake da wuya mai shi ya bari ya shiga dila. Azurfar Birtaniya tana da ƴan ƙananan hatimai a baya, wadda aka tantance a Edimbura tana ɗauke da hoton fada mai hasumiya uku, ta zamanin nan kuma da lamba 925. Wanda ya ga haka, kafin ya yanka mata kuɗi ya fara biyawa ta wurin maƙerin farfaru ya ɗora ta a sikeli.

Mun koma wajen baiwar Allahn nan bayan kwana biyu da niyyar mu sayi ɗamarar mu ajiye. Ta ce ai tun ranar wani mai gyaran takalmi da ke bakin ƙofar kasuwa ya ɗauke ta. Da muka same shi ya riga ya tsaga ta gida uku a tsawo, ya yi maɗauran takalma da biyu, ta ukun tana rataye a ƙusa. Ya ce ya daɗe bai sa wuƙa a fata mai kyau irin wannan ba, idan mun san inda ake samunta mu kawo masa ko guda nawa ne.